Waiwaye: Daga gayya zuwa asusun unguwa

Wani dare cikin goman farko na azumi, bayan an idar da asham, na ga samari biyu sun tsaya da babur a bakin wani lungu a unguwarmu. Suka kashe fitila. Ɗaya ya saɓi rabin buhun gero da jarkar manja, ya shiga wani zaure ya ajiye, ya yi sallama sau ɗaya, bai jira an amsa ba ya fito. Gidan wani tela ne da ya rasu, matarsa na cikin takaba da 'ya'ya biyar. Ƙungiyar da ta aiko samarin ba ta da ofis, ba ta da allo, ba ta da mota. Duk abin da ta mallaka littafi ne irin na 'yan firamare da ke aljihun ma'ajinta, wani mai shagon kayan masarufi, sai kuma tabarmar da ake shimfiɗawa a ƙofar masallaci ranar taron wata.

Irin waɗannan ƙungiyoyi suna nan birjik a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, kuma wanda bai san ƙasar ba zai zaci Turawan agaji ne suka kawo su. Asalinsu ya girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba.

A ƙauye, gayya ce uwar abin. Idan tsoho ya gaza, ko magidanci ya kwanta ciwo damina ta tsaya, samari kan taru da fartanya da garma, makaɗa na zuga su, kafin azahar an nome gonar. Ba a biyan kowa, sai fura da tuwo. Haka ake yi wajen yaɓe da ɗora jinka. Mata kuwa nasu tsarin ya fi na maza ƙa'ida: gudummawar biki bashi ce da ba a rubutawa amma ba a mantawa, ga ciyayya tsakanin maƙwabta, ga adashi, inda uwar adashi ke tara zubi kowa ya ɗauka idan layinsa ya zo. Sama da duk wannan akwai zakka, dami ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar. A zamanin Daular Usmaniyya hukuma ce ke karɓarta. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai aka cusa zakkar hatsi cikin harajin da talaka ke biya, kuɗin kuma ya tafi wajen albashi da tafiyar da mulki. Daga nan zakka ta gaskiya ta koma lamari tsakanin mutum da Ubangijinsa, attajiri ya ba malaminsa da danginsa da wanda idonsa ya gani.

Siffar ƙungiya irin ta yau, mai shugaba da sakatare da ma'aji da katin memba, daga baya ta shigo. Jama'atu Nasril Islam da Sardauna ya kafa a 1962, da Jam'iyyar Matan Arewa a 1963, da Izala da aka kafa a Jos a 1978, da FOMWAN da mata musulmi suka ƙaddamar a Minna a 1985, duk sun koya wa mutane yadda ake taro da rubuta abin da aka tattauna da buɗe rassa. 'Yan agajinsu masu kaki kuwa mutane sun riƙa ganinsu suna ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti ba don ɗan'uwansu ne ba. Kada a manta da Sabon Gari ma: Hausawa sun daɗe suna kallon yadda Inyamurai da Yarabawa ke taruwa ran Lahadi da sunan garinsu, suna tara kuɗin karatun 'ya'yansu da na kai gawa gida.

Amma wuya ce ta haifi ƙungiyar unguwa. Farin 1973 zuwa 1974 ya kwaso mutane daga karkara ya zube su a bakin birane, inda ba gandu, ba rumbu, ba kawun da za a aika wa yaro. A Nijar yunwar ce ma ta share wa Seyni Kountché hanyar kifar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974, shi kuma ya farfaɗo da samariya, wato ƙungiyar samari ta gargajiya, ya mai da ita hannun gwamnati na aikin gayya. A Najeriya kuɗin fetur ya ɗan rufe ɓarakar na 'yan shekaru. Da farashin mai ya faɗi, Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982, Babangida ya zo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, Naira ta zube, masana'antun Bompai da Sharaɗa da masaƙun Kakuri suka soma rage ma'aikata. Asibitin da a da ake ba ka magani kyauta ya koma sai ka sayo har auduga da safar hannu.

A wannan tsakanin ne kalmar "taimakon kai da kai" ta cika gidajen rediyo. Samarin unguwa suka riƙa haɗuwa suna yashe kwatoci kafin damina, suna cike zaizaya, suna kewaye maƙabarta. Abin da na lura da shi, da yawa daga ƙungiyoyin da na sani daga maƙabarta suka faro. Ana tara kuɗin likkafani da itacen rufi da gyaran makara, sai wata rana a dawo daga jana'iza a zauna zaman makoki, wani ya ce, "To su kuma yaran fa?" Daga wannan tambaya kwamitin marayu ke fitowa.

Mata sun bi tasu hanyar, kuma a nan dole a tsaya a Maraɗi. A 1991 ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna CARE ta fara wani shiri a yankin mai suna Mata Masu Dubara. Ba kuɗi ta raba ba. Adashin da matan suka gada aka ɗauka aka yi masa kwaskwarima. Mata kamar ashirin zuwa talatin za su riƙa haɗuwa duk mako, kowa ta yi zubi a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, don haka ba mai buɗe shi sai a gaban kowa. Bambancinsa da adashi shi ne kuɗin ba ya tafiya dungurungum hannun mutum ɗaya. Mai buƙata ta ranta ta yi sana'a ta maido, idan shekara ta kewayo a fasa asusu a raba. Akwai kuma ɗan kaso na daban da ake ware wa haihuwa da rashin lafiya da gobara. Wannan tsari na matan karkarar Maraɗi shi ne ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, har ya dawo Arewacin Najeriya da sunan Turanci, ana koyar da shi a otal kamar baƙon abu.

Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a ƙarshen 1999 sauran jihohi suka bi, zakka ta sake komawa ofis. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Zamfara da Sakkwato da Jigawa kowa da irin tasa. Sun yi aiki, ba a musu. Sai dai hukumar da ke babban birnin jiha ba ta san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan sanin shi ne jarin ƙaramar ƙungiya, kuma yawanci ba maza ne ke kawo shi ba. Unguwarzoma ce, ko mai kitso, ko malamar Islamiyyar dare da ta ga yarinya ta daina zuwa saboda hijabinta ya yage. Ita za ta raɗa wa matar sakatare, matar sakatare ta gaya wa mijinta, a taron wata kuma a ce "akwai wani gida a bayan famfo," ba tare da an ambaci suna ba. Mabaraci kowa na ganinsa. Wanda ake nema shi ne magidancin da zai wanke rigarsa ɗaya ya goge ya fito masallaci, ka gaishe shi ya ce "Alhamdulillahi," alhali ruwa kawai ya sha.

Abin da ake yi wa irin waɗannan gidaje ba shi da yawa idan aka auna da kuɗi: kwanon hatsi da sukari na azumi, ɗinkin sallah na marayu, kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO na yaro ɗaya ko biyu, ledar jini ga mai naƙuda, katifa da 'yan kwanuka na kayan ɗakin marainiya, sai ɗan jarin ƙosai ko awara ko ƙuli-ƙuli ga bazawara. Jarin nan shi aka fi yi wa kirari, shi kuma ya fi saurin karyewa, domin ranar da zazzaɓi ya kama yaro, uwa ba za ta zauna tana kallon kuɗin wake ba, kemis za ta nufa.

Wayar salula da ta shigo a 2001, sannan Facebook da WhatsApp, sun sauya abubuwa ta fuska biyu. Ɗan unguwar da ke Legas ko Jidda yanzu yana iya turo nasa zubin cikin minti ɗaya, kuma an sha haɗa kuɗin tiyata a yini guda. Amma da wayar ne aka shigo da ɗabi'ar jera marayu a rana, kowa riƙe da ledar shinkafa, a ɗauki hoto a watsa. Masu yi sukan ce sai da hoto masu bayarwa ke yarda, kuma suna da hujja, tunda 'yan damfara sun ɓata hanyar da hotunan marasa lafiyar da ba su san ana bara da su ba. Ni dai har yau ban ga abin da zai hana a nuna rasiti a bar fuskar yaro ba.

Akwai kuma ciwon cikin gida. Ma'ajin da ya "ranci" kuɗin ƙungiya ya sa a kasuwa, ana jin nauyin tambayarsa don surukin liman ne. Ɗan takarar da zai kawo buhu hamsin daf da zaɓe, daga ranar ƙungiya ta rabe biyu. Shugaban da tun kafuwa shi ne shugaba. Dokar kamfanoni ta CAMA da Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020 ta ba hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya, abin da ya tayar da ƙura musamman wajen shugabannin coci, amma yawancin ƙungiyoyin unguwa ba su ma san ana yi ba, domin rajistarsu ba ta wuce ta ƙaramar hukuma ba, in ma akwai.

Shekarun baya-bayan nan ne suka gwada su. A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona ana gab da azumi, mai facin taya da ɗan dako da mai shayi duk suka zauna a gida, kuma kafin tallafin gwamnati ya iso, maƙwabta ne suka riƙe juna. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ke ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin mota da na kwanon masara suka bi ta. Sai ga mata suna mutuwa a turmutsutsun karɓar zakka a Bauchi cikin azumin 2024, sai ga yara 35 sun rasu a wajen wani rabo a Ibadan a watan Disambar shekarar. Duk wanda ya ga waɗannan ya san dalilin da samarin can suke kashe fitilar babur su kai kaya da dare.

Kwanaki na zauna a shagon ma'ajin nan ya buɗe mini littafinsa. Shafukan gaba na masu zubi ne, na baya na gidajen da ake kai wa, an rubuta su da alama maimakon suna. Ya nuna mini layuka uku a gaba da ya ja wa biro. Na ce, "Alhaji, rasuwa suka yi?" Ya ce, "A'a, Malam, suna nan da ransu." Ya juya littafin ta baya ya ɗora yatsa a kan sababbin alamomi uku. Ɗaya malamin firamare ne, ɗaya direban da ya sayar da motarsa, na ukun kuma yana cikin mutum bakwai da suka kafa ƙungiyar. Shi wannan na ukun har yanzu yana zuwa taron wata, kuma an yi shawara ba za a cire sunansa daga jerin masu zubi da ake karantawa ba.