Ciwon ido da makanta: tambayoyin da ba ku gajiya da yi mini a nan Tawa

Maganin ɗigawa yana wanke yanar ido?

A'a. Aiki ake yi, a cire ƙwayar da ta yi hazo, a sa ta roba.

Ido ba ya ciwo, me zai kai ni likita?

Hawan jinin ido ma ba ya ciwo. Ta gefe yake cin gani, sai mutum ya fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidansa, yana cewa yara ne suka gusa shi. Abin da ya ci ba ya dawowa. In kun kai shekara 40, ko akwai mai shi a danginku, ku je a auna.

Mahaifina yana da yana a ido biyu, ga ciwon suga. A yi aikin, ko mu jira ta nuna?

To, ɗan'uwa, wannan sai an ga tsohon. Maganar jira ta nuna ta da ce. In ya kasa gane fuska ko zuwa masallaci shi kaɗai, lokaci ya yi. Amma suga na ɓata jijiyoyin jini na can cikin ido, kuma yana mai kauri tana rufe wurin, likita bai iya leƙawa. Ana iya cire ta gani ya dawo tas, ana iya cirewa ya ƙaru kaɗan kawai. Ban yi maka alkawari ba. Galibi sai suga ya daidaita tukuna, kuma ido ɗaya ake fara yi. Kada ka ji tsoro, aikin ba ya daɗewa, ba a ma cika sa mutum barci ba. Amma don Allah kada ka kai shi wurin masu tura yana da tsinke a kasuwa.

Gashin ido na sukar Inna, muna cire mata da matsefata.

Zai sake fitowa. Amodari ne ya juya fatar idon, ƙaramin aiki ake yi kafin baƙin ido ya ƙuje.

Maganin masu talla fa? Yana kwantar da ja.

Haba jama'a! Wasunsu na da kotizon, wani maganin rage kumburi, shi kansa yana kawo yanar ido da hawan jinin ido.

Makantar ƙudan rafi?

A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da ita, ta farko a Afirka.

Yarona ba ya gani in magariba ta yi.

Dundumi ke nan, yawanci ƙarancin bitamin A. Kai shi likita gobe, a duba katinsa na rigakafin ƙyanda.