Me ake nufi da "asoshiyet digiri" a fannin zanen gine-gine?

Kalmar digiri da ke cikin sunan ita ke ruɗa mutane. Da an ji wane ya tafi Amurka ya yo asoshiyet digiri a zanen gini, sai dangi su fara kiransa akitek, wasu ma su ɗora masa injiniya. Alhali takardar ta karatun shekara biyu ce bayan sakandare, kuma in za a nema mata tsara a Najeriya, ƙaramar difloma ta ND da ake yi a foliteknik ce ta fi kusa da ita. Digirin farko a can shekara huɗu ne, wannan kuwa rabin hanyarsa ne, kimanin kiredit 60 maimakon 120 (kiredit shi ne ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ci).

Makarantun da suka fi ba da ita su ne kwalejojin al'umma. Ta farko a cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901, yanzu kuma akwai irinta kusan 1,000 a faɗin ƙasar. Kusan duk wanda ya gama sakandare suna karɓarsa, kuɗinsu bai kai na jami'a ba ko kusa, kuma suna da azuzuwan dare saboda masu aiki. Shi ya sa a aji ɗaya za ka tarar da ɗan shekara 18 zaune kusa da kafinta magidanci da ya gaji da hawa rufi. Sai dai arahar ta 'yan yankin ce, ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa ya fi su biya.

Takardar iri-iri ce. AA da AS, wato asoshiyet na fannin ats da na kimiyya, an tsara su ne domin wanda zai zarce jami'a ya ƙarasa sauran shekara biyun. AAS kuwa, wato asoshiyet na kimiyyar aiki, ta sana'a ce, kana gamawa sai neman aiki, kuma yawancin kwasa-kwasan zanen gini a nan suke. Wannan bambanci yana da cizo, don wanda ya yi AAS sannan daga baya ya ce zai shiga jami'a, sau da yawa ba a lissafa masa duk darussan da ya ci.

To me ake koya wa mai zanen? Akitek shi ne mai tunanin ginin: ina falo zai fuskanta, ta ina iska za ta shiga, yaya ginin zai zauna a filin. Mai zane shi ke mayar da wannan tunani takardun da magini zai iya bi ba tare da ya yi tambaya ba. Akwai filan, wato gidan kamar an cire rufi an leƙo ta sama. Akwai zanen fuskokin gini huɗu. Akwai zanen da ake yi kamar an datsa gidan da wuƙa daga rufi har harsashi, don a ga kaurin bango da tsayin linta da zurfin tushe. Sai jadawalin ƙofofi da tagogi, kowace da lambarta da awonta. Ana haɗa masa da lissafi, da sanin kayan gini, da ƙiyasin kuɗi, da dokokin gini na hukuma. Aiki ne na mai haƙuri, domin kuskuren inci biyu a takarda yakan koma rushe bango a fili.

Da can da fensir da rula ake yi, a kan faffaɗan tebur mai gangare. Yau kusan duka a kwamfuta ne, abin da ake kira CAD, wato zane da taimakon kwamfuta. Tushensa ana mayar da shi ga Ivan Sutherland, wanda a 1963 ya ƙirƙiro Sketchpad a jami'ar MIT, inda mutum ke zana layi a kan allon na'ura da alƙalami mai haske. Amma sai da kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a 1982, mai aiki a kwamfutar tebur, sannan ƙananan ofisoshi suka iya taɓa abin. Daga baya wani shirin zanen mai suna Revit ya zo, wanda Autodesk ya saya a 2002. A AutoCAD layi kake ja, kai ka san bango ne amma kwamfuta ba ta sani ba. A Revit bangon kansa kake ginawa, da tsayinsa da kayan da aka yi shi da su, kuma in ka matsar da taga a filan, za ta matsa da kanta a duk sauran zanukan. A ganina duk kwas ɗin da har yanzu bai sa wannan cikin manhajarsa ba, yana horar da ɗalibai ne don kasuwar da ta riga ta tashi.

Abin da takardar ba ta bayarwa shi ne hatimi, wato izinin sa hannu a zane a matsayin akitek. A Amurka hanyar da aka fi bi wajen zama akitek ita ce digirin shekara biyar ko digiri na biyu (masta) daga makarantar da aka amince da ita, sannan awa 3,740 na aiki ƙarƙashin ƙwararru, sannan jarrabawa mai sassa shida. A Najeriya ma hukumar ARCON ce ke yi wa akitek rajista, mai ND ba ya shiga wannan sahu da diflomarsa kaɗai.

Wanda ya yi karatun a can ya dawo gida kuma yana da sauran koyo. Yawancin gidajen Amurka da katako ake tayar da su, sanduna a jere inci 16 tsakaninsu, kuma ma'aunin zanensu rubu'in inci a madadin ƙafa ɗaya. A Kano ko Kaduna bulo mai inci tara da mai inci shida zai tarar, da rodi da dekin, da zane a kan milimita, da mai gida da ke son a fitar masa da zaure da shaguna biyu da rijiya a cikin fuloti ɗaya.