Cutar waswasi mai tilasta maimaita aiki a tsofaffi masu sikizofireniya

Cutar waswasi mai tilasta maimaita aiki larurar ƙwaƙwalwa ce da wani tunani yake nace wa mutum ba da son ransa ba, har ya riƙa maimaita wani aiki domin ya samu sauƙin fargaba. Takan haɗu da sikizofireniya, cutar ƙwaƙwalwa mai sa mutum jin muryoyi ko gaskata abin da babu shi, wadda likita Eugen Bleuler ya raɗa wa suna a 1908, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 tana damun mutum miliyan 24 a duniya. Bincike ya nuna kusan kashi 12 cikin 100 na masu sikizofireniya suna da cutar waswasi, alhali a sauran jama'a ba ta cika wuce kashi 3 ba.

A wajen tsofaffi, gane ta shi ne babban aiki. Dattijuwar da take wanke hannu har fatarta ta tsattsage, idan aka tambaye ta cikin natsuwa, takan ce ta san hannun ba shi da datti, amma ta kasa dainawa. Wannan waswasi ne, domin tana ɗaukar tunanin a matsayin nata, kuma tana kokawa da shi. Wadda kuwa take wankewa saboda wata murya ta umarce ta, ko don ta haƙiƙance an shafa mata guba, alamar sikizofireniya ce take nunawa. Abin takaici, sau da yawa iyali kan jingina duka biyun ga gigin tsufa. Cutar mantuwa da ke taɓa gaban ƙwaƙwalwa ma tana kawo maimaita aiki, don haka wajibi ne likita ya tantance ta.

Wani lokaci magani ne sanadi. Kulozafin, maganin sikizofireniya da ake bayarwa idan sauran magunguna sun gaza, yana iya tayar da waswasi ko ya tsananta shi, haka ma olanzafin.

Ana yin jiyyar waswasi da magungunan da ke ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, tare da horar da majiyyaci ya fuskanci abin da yake tsoro ba tare da ya maimaita aikin ba. Jikin tsoho ba ya saurin fitar da magani, saboda haka ana farawa da kaɗan. Cikin waɗannan magungunan waswasi, fuluboksamin yana ɗaga yawan kulozafin a jini sosai, kilomifiramin kuma yana jawo rikicewa, taurin bayan gida da faɗuwa.