Kalmar "alleged" a labaran laifuka: iyakar kariyar da doka ta ba ta

Mai karanta jaridun Turanci da wuya ya gama shafin labaran 'yan sanda da kotu bai ci karo da kalmar "alleged" ko 'yan uwanta "allegedly" da "allegation" ba, waɗanda gidajen rediyonmu kan mayar "ana zargin" ko "bisa zargin". A Najeriya tushen wannan al'ada yana cikin sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya tanadi cewa duk wanda aka tuhuma da laifi za a ɗauke shi mara laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Saboda haka, kafin alƙali ya yanke hukunci, ɗan jarida ba shi da hurumin kiran mutum ɓarawo ko mai kisan kai, ko da 'yan sanda sun ce ya amsa laifinsa a hannunsu.

Kowace daga cikin kalmomin uku da wurin zamanta. "Allegation" ita ce zargin kansa, "alleged" tana siffanta aikin da ba a tabbatar ba, ita kuwa "allegedly" tana tafiya da aikatau. Ƙa'idar rubutu ta kamfanin dillancin labarai na AP a Amurka ta buƙaci marubuci ya faɗi daga inda zargin ya fito, walau takardar tuhuma ko jami'in da ke da hannu a shari'ar, domin kada ya zama shi ne mai zargin. Kuma ba kowane abu ake wa zargi ba: idan an tsinci gawa da saran wuƙa, mutuwar ta tabbata, abin da ke jiran hujja shi ne wanda ya aikata.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne ɗaukar kalmar a matsayin laya mai hana shari'ar ɓata suna. Dokar Ingila, wadda kotunan Najeriya suka gada, tana ɗaukar mai maimaita ƙazafi daidai da wanda ya ƙirƙire shi, kuma faɗin "an ce" ko "ana zargin" ba ya ɗauke masa alhaki. Abin da kotu ke dubawa shi ne ma'anar da mai karatu na yau da kullum zai fita da ita daga labarin gaba ɗaya, har da kanunsa da hotunansa. A shari'ar Lewis da jaridar Daily Telegraph a 1963, kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta bambanta cewa ana binciken mutum da cewa ya aikata laifi. Daga baya, a wata shari'ar ɓata suna a Ingila da ake kira Chase ta 2002, aka fayyace matakai uku: ya aikata, akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa, ko akwai dalilin a bincike shi. Jarida za ta kare kanta ne a matakin da labarinta ya kai, don haka wadda ta sa "alleged" sau ɗaya, sannan ta cika shafi da abin da ke nuna mutum ya aikata, sai ta kawo hujjar aikatawar.

Abin da ya sami wani mutum mai suna Christopher Jefferies a birnin Bristol na Ingila ya isa misali. An kama shi a Disamban 2010 kan kisan wata matashiya da ke haya a gidansa, jaridu suka yi ta zana shi a matsayin mugu, daga bisani aka gano wani maƙwabci ne ya yi kisan. A Yulin 2011 jaridu 8 suka biya shi diyya, aka kuma ci tarar Daily Mirror fam 50,000, The Sun kuma fam 18,000, saboda raina kotu. A ganina wannan ya kamata ya tsoratar da duk mai yaɗa hotunan waɗanda 'yan sanda suka yi holinsu, al'adar da jihar Legas ta haramta a 2021.

A Arewa ɓata suna laifi ne a ƙarƙashin sashe na 391 da 392 na dokar Penal Code, kuma hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 2, ko biyan tara, ko duka biyun. Sai dai dokar ta keɓe rahoton gaskiya na abin da ya gudana a zaman kotu, don haka wakilin da ya kawo tuhumar yadda aka karanta ta, tare da amsar wanda ake tuhuma, yana cikin kariyar doka.