Karta: Tarihin Ƙira da Zanenta

Karta 'yan takardu ne masu kauri, ɗauke da lambobi da alamomi, da ake wasa da su. Wadda ake bugawa a majalisun Katsina da Daura, kan tabarma a gindin dalbejiya, ta sha doguwar tafiya kafin ta iso nan.

Yawancin masana tarihi na danganta asalinta da ƙasar Sin, wajen ƙarni na 9, inda aka fara buga takarda da sassaƙaƙƙen katako. Daga baya ta bayyana a Masar zamanin daular sarakunan Mamluk. A 1939 aka gano wani tsohon saiti nasu a fadar Topkapi da ke Istanbul, mai gida huɗu: kofi, tsabar kuɗi, takobi da sandar folo. Babu fuskar mutum a jikinsa ko ɗaya. Sarki da na'ibansa da rubutun Larabci aka ambace su, cikin zayyana irin ta bangon littafi. Ba a sake yin karta mai kyan wannan ba.

Ta shiga Turai a shekarun 1370, har hukumar birnin Florence na Italiya ta hana buga ta a 1377. Da farko da hannu ake zana ta, sai mai hali ke saye. Wajen 1480 maƙeran Faransa suka sauƙaƙa alamomin zuwa huɗun da aka sani yau, biyu ja biyu baƙi, waɗanda ake shafawa ta hudajjen kwali cikin gaggawa. Araha ce ta ba su galaba. Wanda ya tsallaka zuwa Maraɗi zai iya cin karo da samfurin Faransa, mai R, D da V maimakon K, Q da J.

A Ingila, Thomas De La Rue ya samu lasisin buga ta da inji a 1831. Amurka ta ƙaro joka wajen shekarun 1860. Wot kuwa, mai da'ira da tauraro da lamba 20, wadda ta samu gindin zama a Najeriya, a Ingila aka ƙirƙiro ta a 1935.

Karta mai inganci takarda biyu ce aka manne da baƙin gam a tsakani. Ɗaga ta ka duba a rana: haske ba ya ratsawa, don kada abokin wasa ya hango abin da ke hannunka.