Hita ɗaya, aiki biyu: abin da dokar gini ta Amurka da Kanada ta ce

A ƙasashe masu tsananin sanyi akwai hanyar ɗumama gida da ruwan zafi. Ana zagaya ruwan cikin bututai a ƙarƙashin daɓen ɗaki ko ta cikin na'urar da ke hura iska, zafinsa ya cika gidan. Boila, wato tukunyar dafa ruwa ta musamman, aka saba ba wannan aikin, amma masu ƙananan gidaje kan ce tunda ga hitar wanka tana dafa ruwa kullum, me zai hana ta haɗa duka?

Doka ba ta hana ba. Sharaɗinta dai shi ne, duk ruwan da ya shiga bututun ɗumama ɗaki kuma zai iya dawowa ya fito a famfo, ruwan sha ne, haka za a kula da shi. Kusan sauran ƙa'idojin duka daga nan suka samo asali.

A Amurka hukumar International Code Council ce ke rubuta kundin ƙa'idojin da jihohi da birane da yawa ke ɗauka su mai da doka, wasu da gyare-gyarensu. Saboda haka maganar ƙarshe tana bakin jami'in duba gini na garin da gidan yake. Sashe na 1002.2 na International Mechanical Code, ɗaya daga cikin kundayen hukumar, ya ce dole ya zama kamfanin da ya ƙera hitar ya yi mata shaidar cewa ta dace da aikin biyu, kuma a kafa ta bisa umarninsa. Ya ƙara da cewa girmanta ya isa, kada ɗumama ɗaki ya cinye ruwan wanka. Hitar gas ta gida da aka fi gani ƙarfinta bai wuce BTU 40,000 ko kusa da haka ba a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne), kuma babban gida a tsakiyar hunturu zai iya lashe wannan kaf.

Sai batun tsabta, inda dokar ta fi tsauri. Sashe na P2803 na kundin hukumar na gidajen zama, wato International Residential Code, ya ce bututu da duk kayan haɗi su kasance irin waɗanda aka amince da su don ruwan sha. Ba a haɗa hitar da tsoffin bututan da suka taɓa aiki da boila, ba a kuma zuba mata sinadaran da ake sa wa boila. A aikace wannan ya hana amfani da injin tura ruwa na zubin ƙarfe, domin sabon ruwa mai iska ba ya daina shigowa, tsatsa za ta ci shi. Na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa ake sawa.

Abin da ya fi ba masana tsoro shi ne ruwan da ya kwanta. Sanyi na wucewa a kashe ɗumama ɗaki, ruwan cikin dogon bututu ya yi watanni bai motsa ba, da ɗumi-ɗuminsa. Ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar da ta yi a Filadelfiya a 1976, tana yaɗuwa tsakanin digiri 25 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyos, kuma ta feshin ruwan wanka take shiga huhu. Shi ya sa ƙa'idar Kanada mai suna CSA B214 ta buƙaci a riƙa zagaya ruwan aƙalla sau ɗaya cikin kowace awa 24, ko da rani ne. Wani ɗan agogo ake haɗawa da injin ya riƙa tashinsa.

To amma zafin da ke kashe ƙwayar cutar shi ke ƙona fata. Ruwa mai digiri 60 yana yi wa mutum mummunar ƙuna cikin daƙiƙoƙi kaɗan, balle yaro ko tsoho. Sashe na 501.2 na International Plumbing Code ya ce idan ɗumama ɗaki na buƙatar ruwan da ya haura digiri 60, sai an sa bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi, mai shaidar cika ƙa'idar inganci ta ASSE 1017, don kada abin da ke tafiya famfunan gida ya wuce 60. A ganina wannan iyaka ce ta ƙarshe kawai. Gida mai yara ya kamata a sauko da zafin ruwan famfo kusa da digiri 49.

Akwai mafitar da na fi natsuwa da ita, ko da yake ta fi tsada: a sa na'urar musayar zafi tsakanin hitar da bututan ɗaki, ruwan biyu su riƙa miƙa wa juna zafi ba tare da sun gauraya ba. Nan ma doka tana da magana. Idan an zuba wa ruwan bututan ɗakin maganin hana daskarewa mai guba, dole na'urar ta kasance mai bango biyu tsakanin ruwan ɗumama ɗaki da ruwan sha. Idan marar guba ne, bango ɗaya ya wadatar.