Shirin Ziyarar Gidaje na Jamaika

Shirin ziyarar gidaje na Jamaika aikin kiwon lafiyar al'umma ne da aka fara a unguwannin talakawa na birnin Kingston, inda ma'aikatan lafiya suke bin gida-gida suna nuna wa uwaye yadda za su riƙa wasa da hira da ƙananan 'ya'yansu. Abin da ya fito da sunansa shi ne an ci gaba da bibiyar yaran har suka mallaki hankalin kansu, aka ga alamar wasan nan na yarinta a natsuwarsu da mu'amalarsu da mutane.

Asali

Tsakanin 1986 da 1987 ne mai bincike kan lafiyar yara Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta na Jami'ar West Indies da ke Mona suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24, waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Aka raba su kashi huɗu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ana ba su madara kilo 1 duk mako, kashi na biyu ana kai musu ziyarar wasa, na uku suna samun duka biyun, na huɗu kuma ba ko ɗaya. Haka aka yi ta yi har shekara 2.

Yadda ziyarar take

Ma'aikaciyar ba likita ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce ta unguwa da aka ba horo. Takan zo sau ɗaya a mako, ta yi kamar awa guda. Kayan wasan ma ba na kanti ba ne: robar da aka gama amfani da ita, gwangwani, murafen kwalba, 'yar tsana ta tsumma, da ɗan littafin hotuna. Za ta zauna da uwa da ɗanta, ta nuna yadda ake jefa murfi cikin roba a sake zazzage shi, ana faɗa wa yaro "ciki" da "waje", sannan ta miƙa wa uwar ta gwada da hannunta. In yaro ya yi daidai a yaba masa, in ya kasa a sake nuna masa, ba tsawa ba duka. Kayan wasan a gidan ake barin su, sai mako ya zagayo a canza da wasu.

Uwar ce ainihin wadda ake koyarwa, kuma nan ƙarfin shirin yake. Ita ce take tare da yaron sauran kwana shidan, wajen wanka da ba da abinci da goyo, tana kiran sunan duk abin da idonsa ya kai gare shi.

Abin da aka gani

Bayan shekara biyun farko, madara da wasa duk sun yi amfani, kuma waɗanda suka haɗa biyun sun kusa kamo tsaransu da ba su tsumbure ba. Amma da tafiya ta yi nisa sai amfanin madarar ya dushe, na wasan ya ɗore. Da suka kai shekara 17 zuwa 18, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa sun fi sauran ƙarancin fargaba da ƙuncin rai, sun kuma fi ganin kimar kansu. A shekara 22 an tarar ba su cika shiga faɗa da ta'asa ba kamar sauran. Wani nazari da ya fito a mujallar Science a 2014, wanda masanin tattalin arziki James Heckman yake cikin marubutansa, ya nuna abin da suke samu a wajen aiki ya zarce na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100.

Yaɗuwa

Wajen tsakiyar shekarun 2010 aka tattara darussan cikin kundin horo mai suna Reach Up. An gwada salon a Bangladash da Indiya da Kolombiya, kuma Peru ta ɗora ziyarar gidajen shirinta na kula da ƙananan yara mai suna Cuna Más, wanda ta kafa a 2012, a kan wannan salon.

Muhawara

Masu suka suna cewa yara 129 sun yi kaɗan, wasu kuma sun yi ƙaura daga ƙasar kafin a kammala bibiya. A wuraren da aka faɗaɗa shirin ga dubban gidaje, amfanin da aka auna sau da yawa bai kai na Kingston ba.